Babi na Biyar: Ƙura, Rana da Ruwa: Riƙon Sabuwar Mota a Ƙasar Arewa

Ranar da kawuna ya shigo gida da sabuwar Hilux, unguwarmu ba ta kwanta da wuri ba. Motar ta baro Yamai da hantsi, ta ci kilomita 270 da ɗoriya bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ta ratsa Doso da Kore Mairuwa, ta iso Dogon Dutsi ana kiran la'asar. Shuɗiya ce mai duhu, kana ganin fuskarka a jikinta kamar madubi. Maƙwabta suka yi ta sallama: "Alhaji, mun ga abin arziki. Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya." Malam ya yi addu'a, aka raba goro da dabino.

Washegari kawu ya kira ɗaya daga cikin yaran gida ya ce, "Kai, kullum kafin in fito, ka goge mini ita tas." Yaro ya rusuna ya ce, "To, Baba." Bai taɓa saɓawa ba. Da an dawo daga asuba zai ɗauko wata tsohuwar riga, ya bi motar lungu-lungu yana goge ƙurar da ta kwana a kanta. Aka ci damina ɗaya da hunturu ɗaya. Sai ga shi in rana ta daki motar, jikinta duk zane ne sirara masu kewaye, kamar saƙar gizo-gizo, shuɗin kuma ya dushe. Kawu ya ɗora laifi kan fentin zamani, har ya kai ta wurin wani tsohon mai fenti. Mutumin ya shafa murfin inji, ya karkata kai ya duba ta gefen haske, sannan ya ce, "Alhaji, wa ke goge ta da safe, kuma da me?"

Wannan tambaya ita ce tushen babin nan. A ƙasarmu, yawancin motocin da fentinsu ya mutu da wuri, ba sakaci ya kashe su ba. Hannun mai so ne, wanda ya riga ruwa isa jikinsu.

Abin da ke cikin ƙurarmu

Fentin mota hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shimfiɗa mai hana tsatsa, a kanta launi, a saman launi kuma wani shafe garau mai kama da gilashi, wanda shi ke ba da ƙyalli, shi ke tare rana. Dukansu in an haɗa, kaurinsu a mafi yawan motoci bai wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Shafen saman shi kaɗai wajen maikuron 40 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Abin da ke tsakanin motarka da ranar Arewa ke nan, kuma in ya cinye ba ya tsirowa.

Ƙurar da ke sauka a kansa kuwa garin dutse ce. Rairayin da ke kwance a kwarin Dallol Mauri, tun daga wajen Matankari har Tibiri da Gesheme, mafi yawansa ɓarɓashin farin dutsen nan ne da muke kira ƙanƙara, masana ke kira kwarz. A shekarar 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 bisa taurinsu, lu'ulu'u a sama. A wannan jeri ƙanƙara tana mataki na 7, gilashin taga yana wajen 5 da rabi. Abin da ya iya karce gilashi, fenti ba ya gagarar sa. Kan tudu kuma, da hanyoyin da aka zuba wa tsakuwa, jar ƙasa ce mai ɗauke da tsatsar ƙarfe, wadda ke rina farar mota in ta daɗe a kanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana ƙaro nasa: hazon da ke rufe duwatsun Dogon Dutsi, kaso mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda ƙurarsa ke ƙetare teku har dajin Amazon.

To, wanda ya ɗora busasshen tsumma kan wannan ƙura ya murza, samfefa ya haɗa da hannunsa. Haka yaron da ya rubuta sunansa da yatsa a ƙofar mota, haka direban da ya kunna magogin gilashi babu ruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: mota ta kwana uku da ƙurarta ba a taɓa ba, ya fi mata a goge ta sau ɗaya a bushe.

Bokiti biyu

Ruwa yana da daraja a nan, kowa ya san nauyin bido a hannun mai jawowa daga rijiya, da kuɗin ɗan garuwa. Abin farin ciki, wankin da ya fi kare fenti shi ne kuma wanda ba ya ɓarnar ruwa. Bido biyu masu lita 25 sun isa ƙaramar mota, in an bi tsari.

Da farko zaɓi lokaci da wuri. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, jikin mota da sanyi. Ɗora bayan hannunka a kan murfin inji: in ka ji ɗumi, dakata. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan sabulu yana bushewa a kan ƙarfe kafin ka zagayo, ya bar tabo. Kada kuma ka watsa ruwan sanyi kan ƙafafun motar da ta dawo daga tafiya yanzu-yanzu, domin faifan birki mai zafi ba ya son sanyin farat ɗaya.

Sai ka fara da kwara ruwa zalla, daga rufi zuwa ƙasa, da moɗa ko butar ban ruwa ta lambu, ba tare da hannu ya taɓa komai ba. Wannan ruwan farko shi ke sauke rairayi, shi ne rabin wanki. Daga nan ka aje bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma tsumma a na sabulu, ka wanke ɓangare ɗaya, ka ɗauraye shi a na ruwa zalla, ka matse, sannan ka koma na sabulu. In ka gama, leƙa gindin bokiti na biyu. Yashin da za ka gani kwance a wurin, da bokiti ɗaya ka yi aiki, da a jikin motarka ya yi ta kai da kawowa.

Bi daga sama zuwa ƙasa: rufi, gilasai, murfin inji, ƙofofi, sannan gindin ƙofofi inda datti ya fi yawa. Ja hannu a miƙe, kada ka kewaya, kada ka danna. Tsumman da ya dace shi ne tawul mai laushin gashi da ake kira maikurofaiba, domin yana haɗiye ƙwayar yashi cikin gashinsa. In babu, tsohon tawul na auduga da aka wanke sarai. Soson buhu da soson wanka na raga, bar su wa tukunya da jiki. Tayoyi da ƙafafu su sami nasu tsumma da nasu burushi dabam, kada su taɓa hawa kan fenti. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuwa, ya gama aikin ranar sai an wanke shi.

Maganar sabulu tana son a tsaya. Garin sabulun wanki irin su Omo an yi shi ne don ya ci maiƙon tufafi, yana da kaifi irin na kanwa. Yana wanke mota fes, amma yana tafiya da kakin da ke kare fenti, yana busar da robar ƙofa da ta gilashi, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna karce. Sabulun ruwa na mota, wanda ake samu a shagunan kayan mota, murfi ɗaya ko biyu ya isa bokiti, kwalba ɗaya tana kai watanni. Ranar da babu shi, ruwa zalla mai yawa ya fi garin sabulu. Akwai kuma al'adar zuba gazuwal a ruwan wanki don mota ta yi ƙyalli. Ƙyallin na yini ɗaya ne. Maiƙon yana kama ƙura, yana cin roba.

Bayan ɗauraya, tsane motar da busasshen tawul mai tsabta, kada ka bar wa iska. Ruwan rijiyoyi ba ɗaya ba ne: wani yana ɗauke da gishirin ƙasa, in ya bushe sai ya bar farin tabo mai taurin kai. Gwajinsa da sauƙi. Ɗiga ruwan rijiyarka a kan gilashi mai tsabta, ka bari ya bushe. In ka ga farin zobe, ka san ba ruwan da za a bari ya bushe a jikin fenti ba ne. Ruwan sama da aka tara a tanki, bayan ruwan farko ya wanke kwanon ɗaki, shi ne mafi kyau wajen ɗaurayar ƙarshe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Mu faɗi gaskiya: yawancin abin da muke kira sabuwar mota, sabuwa ce a hannunmu. Ta yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada, ta sauka daga jirgin ruwa a Kwatano ko Lome, sannan ta hau hanya. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan hanya don narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa yana maƙalewa a ƙarƙashin mota. Saboda haka wankin farko na irin wannan mota daga ƙasa yake farawa. A kai ta inda ake da rami ko abin ɗagawa, a wanke shasi da kogon tayoyi da ruwa mai ƙarfi, ka sunkuya da fitila ka duba da idonka. Inda tsatsa ta soma, a kankare a shafa maganinta tun tana ƙarama.

Haka za a riƙa yi kowace damina. Daga Yuni zuwa Satumba, in ruwa ya gangaro daga kan duwatsu ya cika ƙoramu, laka tana cusa kanta a kogon taya da saman tankin mai, ta riƙe danshi kwana da kwanaki. A nan tsatsa ke yin gida. Akwai ƙananan huji a gindin kowace ƙofa da ruwa ke fita ta cikinsu. In laka ta toshe su, tsinke ya isa buɗewa. Kuma duk lokacin da ka ƙetare ruwa ko ka gama wanki, taka birki a hankali sau biyu ko uku kafin ka ɗauki gudu.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada a shigar da mota tafki don wanki. Tafkin Saw da sauran tafkunanmu, dabbobi ke sha, masu lambu ke ban ruwa, yara ke wasa a bakinsu. Man inji kaɗan yana ɓata ruwa mai yawa. Shi kansa mai wankin da ya tsaya cikin kwantaccen ruwa yana kai kansa ga tsargiya, ruwan kuma cike yake da yashin da muke gudu.

Inji ba ya son wanka kamar jiki. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, ruwan tiyo mai ƙarfi yana shiga mahaɗarsu. Tsumma mai danshi da ɗan burushi sun wadatar, injin na sanyi. Abin da ya fi buƙatar ido a wurin shi ne matacin iska, hancin mota. Wa'adin canjinsa da ke rubuce a littafin mota na hanyoyi marasa ƙura ne. Littafin da kansa yana cewa a gajarta wa'adi inda ƙura ta yi yawa. Mai zirga-zirga a ƙauyukan Dankasari ko Dumega ya riƙa buɗe shi akai-akai, ya kakkaɓe a hankali. Na takarda ne, ba a wanke shi da ruwa, in ya huje ko ya toshe sai canji. Duba gaban lagireto ma, musamman da kaka, lokacin da ƙarangiya da ƙaiƙayi da fara ke cushe shi, inji ya riƙa zafi ba a san dalili ba.

Sulken fenti

Wanki yana cire datti, kaki shi ke karewa. Mutane suna haɗa shi da folish, alhali aikinsu dabam. Folish yana ɗan cin saman fenti ne don ya baje karce, shi ya sa ba a yawaita shi: kowane gogi yana rage wancan siririn shafe. Kaki kuwa ƙari ne, yana kwanciya a sama ya karɓi duka a madadin fenti. Mafi shahara ana samo shi daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Birazil, sunanta karnauba, kuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80. Duk da haka a ranarmu ba ya wuce wata biyu ko uku. Akwai na haɗin masana'anta da ya fi shi daɗewa, akwai kuma shafen seramik mai tsada da ke kai shekaru, sai dai ko shi ba ya hana yashi karce in an goge a bushe.

Ana shafa kaki a inuwa, bayan wanki, mota ta bushe sarai. Kaɗan-kaɗan, siriri, ɓangare ɗaya bayan ɗaya; in ya yi hazo sai a goge da tawul mai tsabta. A kauce wa baƙar roba, don yana bar mata farin tabo. In kana son sanin ko da sauransa, yayyafa ruwa: in ya dunƙule kamar a ganyen gwaza, yana nan, in ya baje, lokaci ya yi. Fentin masana'anta an gasa shi tun can, ana iya shafa masa kaki tun makon farko, tun ran gini ran zane. Wanda aka fesa a garaji kuwa, a ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa.

Turken mota

An san Arewa da dawaki, kuma kakanninmu ba su taɓa ɗaure doki a tsakiyar rana ba. Akwai barga, akwai rumfa, akwai mai kula. Mota ta gaji wannan haƙƙi. Rana ita ke kodar da launi, ta mayar da fitilun gaba rawaya, ta tsattsaga taya da allon gaba. Rumfar kwano ko ta zana, mai ƙafafu masu ƙarfi da ɗauri mai kyau saboda iskar farkon damina, ta fi duk wani mai da za ka saya a kwalba.

Inuwar bishiya tana da daɗi, amma tana da kuɗin haya. Ƙarƙashin dogon yaro ƴaƴa ke zuba, tsuntsaye da jemagu na ci suna sakin kashi, kashin kuwa yana da tsami mai cin fenti, zafi na ƙara masa sauri. In ka gan shi kada ka jira ranar wanki, kada kuma ka kankare. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai na ƴan mintoci, ya yi laushi, ka ɗauke. Ɗigon kwalta kuma ɗan kananzir a auduga yana narkar da shi, sannan a wanke wurin a mayar da kaki. Tamfol ko rigar mota ba a rufa su sai kan mota mai tsabta. In an rufa bisa ƙura, iska ta kaɗa dare guda, aikin tsumman yaron kawu za su yi.

A gidanmu na Hausa mota ba ita kaɗai ke tsakar gida ba. Akuya tana hawa murfin inji da kofato, rago yana ganin inuwarsa a ƙofa ya kai karo. Ɗan shinge ya raba wannan gardama. Ɓera ya fi su ɓarna: an ɗauko gero ko wake ko gyaɗa daga gona, ƙwayoyi sun zube a ƙarƙashin kujera, dare ɗaya ya shigo, daga hatsi ya koma kan wayoyi. Duk ranar da mota ta ɗauki amfanin gona, a fitar da shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a share ciki kafin a kwanta. Fura ko nono in sun zube a kujera, a tsane da tsumma nan take, a bi da ruwan sabulu kaɗan, a bar ƙofofi buɗe su sha iska. In aka bari suka kwana cikin zafi, tsaminsu yana zama. Man ƙyalli kuma kada ya taɓa sitiyari ko abin taka birki, santsi a wurin nan hatsari ne. Baƙin mai da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, ruɓar da ita yake yi. Ga wani ilmi mai amfani: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ranar haihuwarta, 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Taya tana tsufa a rana ko da ba ta taka hanya ba.

Wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci: motar da aka aje a gida, a kulle ta, a ɓoye makulli. Cikin rufaffiyar mota a rana zafi yana iya haura digiri 60. Yaro ya shiga wasan ɓuya, ƙofa ta rufe, ba mai jin kukansa. Fenti ana sakewa, rai ba a sakewa.

Kawu ya biya aka yi wa motarsa folish sau ɗaya, zanen ya ragu, ya kafa rumfa. Bai kori yaron daga aikinsa ba, don ba shi da laifi: abin da aka sa shi ya yi, da zuciya ɗaya. Ya dai sayo bokiti biyu da tawul uku, ya tsaya a kansa safiya ɗaya ya nuna masa. Yanzu sau ɗaya a mako ake wanke ta, sauran kwanaki gilashi kawai ake ɗauraya.

Mai karatu, in Allah ya hore maka mota, gumin shekaru ne ka aje a tsakar gida, kuma ita za ta kai hatsi kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ka ba ta inuwa, ka ba ta kaki kowane wata biyu ko uku, ka duba ƙarƙashinta bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Sannan ka tara yaran gida ka gaya musu tun daren farko: kada hannu ya taɓa motar nan sai ruwa ya riga shi.